Tantin da Ya Sha Sitaci

In dai ka taɓa bi ta Gyadi-Gyadi da hula a kanka, to Isyaku ya gan ta, kuma ya riga ya yanke mata hukunci. Daga inda yake zaune a bakin titi, tsakanin bokitai da guntayen katakon da yake kifa huluna a kansu, zai hango ka ya girgiza kai ya ce, "Wannan ba wanke ta aka yi ba, jiƙa ta aka yi." Aikinsa dai yana da kyau, ba za mu ci zalinsa ba. Bakin ne matsalar. Abin da hannunsa ya yi kamu ɗaya, bakinsa sai ya auna shi gaba goma. A faɗarsa, ya taɓa wanke hular da ta faɗa cikin baƙin mai, ta fito fes har mai ita ya rantse ba tasa ba ce. Lawan, ɗan adaidaita sahun da ke ajiye kekensa kusa da shi, ya ce ai mutumin gaskiyarsa ya faɗa, ba tasa ba ce, ta wani aka ba shi.

Allah kuwa ya haɗa Isyaku da mace mai haƙuri, Indo. Sai da 'ya'yanta suka tasa sannan ta shiga Islamiyyar matan aure, ta fara daga baƙi da wasali, tana zama tabarma ɗaya da sa'o'in 'yarta Fiddausi. Tana tuƙa tuwo tana bita, tana wanke-wanke tana bita, har Allah ya nufa ta sauke Alƙur'ani. Malamarsu, Malama Husaina, ta ce ranar Asabar za a yi walima a ƙofar gidan Indo, ɗalibai duka su zo da fararen hijabai, Indo ta yi karatu a gaban jama'a. Ita kuwa ba ta taɓa yin taron da yake nata ba. Na aure na iyaye ne, na suna na jariri ne. Wannan kaɗai ne da guminta ta samo shi, shi ya sa ko barci ba ta iyawa don murna da fargaba.

Ta sami Isyaku yana karin kumallo ta ce, "Baban Fiddausi, abu ɗaya nake roƙo. Ka karɓo mana hayar kanofi irin na kowa, ka ga damina ce."

Isyaku ya ajiye kofin shayi. "Irin na kowa? Matar Isyaku? Kanofi fa kika ce, ƙarfe huɗu da leda a sama, iska ta shigo ta gabas ta fice ta yamma, duk mai wucewa ya leƙo ya ga wainar da ke farantinki? Tanti zan kafa miki, mai bango, mai ƙofa, wanda tun da aka kafa Tarauni ba a taɓa yi wa wata mace ba."

"Ni dai na kowan ya ishe ni."

"Ke dai ki riƙe karatunki, ki bar wa masu aiki aikinsu."

Indo ta dube shi, ta dubi sama, ta kwashe kwanuka ta shige.

Tantin da yake taƙama da shi ba nasa ba ne. Na Baba Bulus ne, wani tsohon malamin makaranta ɗan Filato da ya yi ritaya a Tarauni, wanda Isyaku ke wanke wa huluna. A zamanin ƙarfinsa shi ke kai 'yan sikawut daji su kwana, kuma tantin nan babba ne, kore, mai kauri, aji guda yake ɗauka har da kayansu. Isyaku ya tasa Lawan a gaba suka tafi da adaidaita.

Da jin dalilin zuwansu, Baba Bulus ya ce, "Indo ta sauke? Kai, madalla! Ku ɗauka, wallahi da zuciya ɗaya." Aka janyo tanti daga sito aka warware a tsakar gida. Wani wari ya taso irin na tsohon rumbun da ruwa ya shiga. Lawan ya toshe hanci ya ja da baya. Ashe da danshinsa aka naɗe shi bara, fumfuna ta samu gidan zama, ta yi masa ɗigo-ɗigo baƙi da fari tun daga sama har ƙasa.

Baba Bulus ya ce, "Kar ka damu, abu ne mai sauƙi. Ka shanya shi a rana ya bushe ƙayau. Ka kakkaɓe da busasshen buroshi. Sannan ka matse lemon tsami, ka zuba gishiri da ɗan ruwa, ka bi tabon a hankali kana gogawa, ka sake shanyawa. Abin da bai fita ba ka ƙyale shi, tabo ba ya hana inuwa. Amma Isyaku, ban da sabulu mai ƙarfi, ban da bilic, ruwan nan mai cinye launi. Akwai kakin da aka shafe shi da shi, shi ke hana ruwa shiga. Ka wanke kakin nan, ka mai da shi zanin gado."

Isyaku ya yi dariya har da buga cinya. "Lemon tsami da gishiri! Baba, kwaɗo za mu yi? Kai alli ka riƙe duk rayuwarka, ni kuwa da buroshi aka yaye ni. Tanti ai hula ce babba. Abin da ya gyara ƙarama shi zai gyara babba."

"To," in ji Baba Bulus, "Allah ya ba da sa'a."

A hanya Lawan ya ce, "Sarkin Hula, da ka ji maganar dattijon nan."

"Kai dai tuƙa. Na taɓa koya maka taka burki?"

Tsakar gidan Isyaku ba ta ɗauki ko rabin tantin ba, don haka sai ya shimfiɗa shi a layi, bango zuwa bango. Mai babur ya zo ya juya. Mai tallan kayan miya ya zo ya juya. Wani maƙwabci da zai tafi aiki ya tsaya a bakin tantin ya ce, "Malam Isyaku, ta ina za mu wuce?"

"Ka cire takalmi ka taka a hankali, ko ka zaga ta Babban Giji."

Ya tsayar da ɗan garuwa ya juye kurarsa kaf, ya zazzage garin sabulu, ya naɗe ƙafar wando, ya hau dirza yana waƙa. Kumfa ta tashi ta bi layi kamar an yi ɓarin nono. Ɗan garuwan da ya dawo da kura ta biyu ya taka, santsi ya kwashe shi, sai ga shi zaune a ƙasa, kura ta wuce ita kaɗai ta je ta yi sallama da ƙofar wata Hajiya. Hajiya ta leƙo ta ce wane mara mutuncin ne. Isyaku ya ce ta yi haƙuri, ranar Asabar ita ce a sahun gaba.

Da aka ɗauraye, kore ya ɗan kwanta, fumfuna kuwa tana nan daram, sai ma ta ƙara fitowa sarai tun da an wanke mata fuska.

Lawan ya ce, "To, ga ta nan tana gaishe ka."

"Gaisuwar bankwana ce. Jira ka gani."

Ya aika aka sayo bilic. Ruwa ma bai sirka ba, wai kada ya rage masa ƙarfi. Ya bi kowane ɗigo yana tsiyaya masa, yana cewa, "Ke da wa kika zo garin nan?" Kuma gaskiya fumfuna ta gudu. Sai dai ba ita kaɗai ta tafi ba, ta tafi da koren. Duk inda baƙin ɗigo yake da, yanzu farin tambari ne kamar faifai. Tanti ya zama dabbare-dabbare, irin akuyar nan da ba a rasa ta a cikin garke.

Indo ta leƙo daga soro da littafinta a hannu. Ta daɗe tana kallo.

"Baban Fiddausi, har yanzu masu kanofi ba su rufe ba."

"Wa ya ce miki an gama? Ana ganin kyan tuwo tun yana ruɗe?"

Maƙwabta suka fara taruwa, kowa da shawararsa. Wani ya ce a juya cikin ya koma waje. Wani ya ce a kai wa masu fentin mota. Wani tela ya ce a yanka a yi jakunkuna, a je a ba Baba Bulus haƙuri tun da sauran mutunci. Isyaku ya ɗaga hannu ya ce duk su saurara, farin kaya in ya ɓaci da me ake rufa masa asiri? Da bula. To bula za a sa.

Bular da ake ɗiga wa farar riga kaɗan don ta yi haske, ita Isyaku ya saye kaf a shagunan layin, ya kwaɓa a baho har ta yi kauri, ya ɗauki tsintsiya ya shafe tanti ciki da waje. Hannunsa ya koma shuɗi har gwiwa. Ya share gumi, goshi ya samu rabonsa. Inda bilic ya ci, bula ta kama ta yi shuɗi shar. Inda koren ya rage, ta yi wani launi da har yau ba a raɗa masa suna ba.

Lawan ya ce, "Wannan kuma wane launi ne?"

"Sararin samaniya da gajimare. Kana ciki kamar kana waje. Ina ka san ado, kai da kekenka rawaya ne tun daga haihuwa?"

Da ya bushe aka ɗaga, sai aka ji ya yi laushi laƙwas, duk taurin nan nasa ya tafi. Lawan ya tuna masa zancen kakin Baba Bulus. Isyaku ya ce kaki na masu gyaran takalmi ne. Hular da ta yi laushi me ake ba ta ta miƙe? Sitaci. Nan fa idonsa ya yi haske, don an zo gidansa.

Washegari da safe ya aro tukunyar biki, ya kafa murhu a ƙofar gida, ya dama sitacin rogo cike da ita, yana juyawa da muciyar Indo. Tururi ya tashi. Kafin a jima labari ya zaga cewa gidan Isyaku an fara rabon kokon walima tun kafin ranar. Sai ga mutane da kofuna. Wani dattijo har ya sayo ƙosansa, ya miƙa kwano ya ce a cika, ban da sukari saboda likita ya hana shi.

"Baba, ba na sha ba ne, na tanti ne."

Dattijon ya dubi tukunya, ya dubi tanti, ya ce, "Mutane na yawo da yunwa, kai kana ba tsumma koko? Allah ya shirye ka." Ya tafi yana cin ƙosansa gaya.

Aka shafe tanti da sitaci, shafi kan shafi, har igiyoyin ba a bari ba, wai su ma su yi kwarjini. Rana ta buɗe ta gasa shi. Kafin la'asar ya sandare, ya yi sheƙi, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar kwanon rufi. Isyaku ya kira duk wanda ya yi masa dariya ya ce ya zo ya ƙwanƙwasa da kansa. Ya ce, "Wannan ruwan sama in ya sauka a kai, sai dai ya ji ciwo ya koma."

Ya shiga gida ya ci abinci. Ana wata ga wata: ashe ƙanshin rogo ya kai wa awakin unguwa. Ya fito ya tarar da su sun yi layi suna lasa, wasu sun kama igiyoyi suna tauna hankali kwance, bakin kowace ya yi shuɗi. Ya zari muciya ya bi su. Ya kori na gabas, na yamma suka dawo. Wani bunsuru ya tsere da guntun igiya a baki, Isyaku ya bi shi har bakin kasuwar Tarauni yana kiran a tare ɓarawo, mutane suka fito da sanduna, suka ga abin da ake bi, suka koma suna tsaki. Ya dawo yana haki ya ƙuƙƙulla abin da ya saura na igiyoyin. Lawan ya ce a sayo sababbi. Isyaku ya ce ƙullinsa ya fi sabuwar igiya.

Ranar Asabar sai da majiya ƙarfi suka taru kafin tanti ya yarda ya lanƙwasu. Duk inda aka karya shi sai ya yi ƙara ƙaƙas, garin sitaci ya zubo. Aka dai kafa sandar tsakiya, aka buga turaku, aka ɗaure. Abin mamaki, ya tsaya. Ya cika layin, shuɗi, yana walƙiya, masu wucewa ta titi suna rage gudu suna kallo. Isyaku ya sha babbar riga da hularsa mafi tsada, ya tsaya a ƙofar tanti yana karɓar gaisuwa kamar shi ya sauke.

Mata suka yi ta shigowa cikin fararen hijabai, tas-tas, an sha guga. Maza suka zauna a benci a waje tare da Liman Inuwa, wanda zai rufe taro da addu'a. Indo ta fito ita ma cikin fari, riƙe da Alƙur'aninta, aka zaunar da ita a gaba kusa da Malama Husaina. Can sai ga Baba Bulus da matarsa, sun zo taya murna da kular abinci. Ya gaisa da jama'a, ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Isyaku, ashe ka fasa amfani da nawan? Ba komai. Wannan ina ka samo?"

"Baba, naka ne. Ka jingina da shi ma."

Baba Bulus ya janye kafaɗarsa, ya ga ta yi shuɗi. Ya shafa bangon, ya shinshina yatsunsa. Bai yi faɗa ba, bawan Allah. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗowa, ya ce wa matarsa ta koma adaidaita ta ɗauko lema.

Isyaku ya ga inda ake kallo, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Jama'a, kowa ya kwantar da hankalinsa! Ko da bakin ƙwarya za a yi, wanda ke cikin tantin nan ko ɗigo ba zai gani ba. In ya gani, a canza mini suna!"

Lawan ya ce, "Mun fara tunanin sunan."

An buɗe taro, Malama Husaina tana cikin jawabi, iska ta taso, ruwa ya sauko. Maza suka kwashi benci suka cusa kai bakin tanti. Da farko kam sai ƙara kake ji a sama kamar ana watsa tsakuwa, ba ɗigo ko ɗaya. Isyaku ya bi mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya yana murmushi. Daga nan ƙarar ta fara laushi. Ta koma taf, taf. Rufin ya fara saukowa a hankali, ya yi ciki. Wani ƙanshi ya cika wurin, irin na kokon da aka dama da safe.

Ɗigon farko a kan Hajiyar nan ta sahun gaba ya sauka, mai kauri, mai yauƙi, shuɗi. Ta shafa, ta duba hannunta, ta ce, "Innalillahi! Mene ne wannan?" Kafin a ba ta amsa na biyu ya sauka a rawanin Liman. Sai abin ya ɓarke ko'ina. Ba yoyo ba ne irin na ɗaki da za ka tara kwano, tantin gaba ɗaya ne yake tsatsafo da kunun bula. Fararen hijabai suka fara zane-zane. Mata suka tashi za su fita, suka ga ruwan waje ya fi ƙarfinsu, suka dawo. Wannan ta matsa ta taka santsi ta rungume waccan. Wata ta kifa faranti a ka, waina ta zube.

Sai ƙullin Isyaku, wanda ya fi sabuwar igiya, ya kwance. Na kusa da shi ya bi shi. Sandar tsakiya ta karkata tana shirin kwanciya a kan mata.

Nan fa ido ya raina fata. Isyaku ya tattare babbar riga ya kutsa tsakiyar mata yana "Gafara dai, gafara dai," ya rungumi sandar da hannu biyu ya miƙar da ita. Duk kunun da ya taru a rufin ya samu hanya, ya biyo sandar, ya sauka a kan hularsa mafi tsada, ya gangaro ta wuya ya shige riga.

Malama Husaina ta rufe Alƙur'anin Indo da sauri ta sa a leda ta cusa cikin jakarta. Ta ce, "Indo, a ɗaga karatun nan zuwa wani lokaci. Kin ga yadda wuri ya zama."

Isyaku ya dubi matarsa. Hijabin da ta yi ta tanadi, ta goge ta rataye tana hana kowa taɓawa, ya zama shuɗi rabi da rabi. Idonta ya cika da hawaye. Abin ya soke shi a zuciya, wallahi ya soke shi, don ya san ranar nan guda ce gare ta, kuma da hannunsa ya kwaɓa ta.

Indo ta share ido da gefen hijabi, ta ƙara wa fuskarta shuɗi. Ta ce, "Malama, ba za a ɗaga ba. Na jira abin da na jira. Ki bar shi a jaka kada ya jiƙe, da ka zan karanta."

Ta gyara zama, ta yi basmala, ta ɗauko Fatiha ta shiga farkon Baƙara. Muryar ta fara da rawa, sannan ta daidaita, ta fito sarai ta danne ƙarar ruwan. Mata suka daina gudun ɗigo, kowa ta tsaya inda take. Maza a bakin ƙofa suka yi tsit. Baba Bulus ya miƙo lemarsa aka riƙa wa Indo a ka, shi ya tsaya kunu na sauka a sanƙonsa. Ba ta yi sauri ba, kowane harafi ta ba shi haƙƙinsa.

Isyaku yana rungume da sanda, hannu ya gaji, kafaɗa na zogi, amma ya manta. Shekara da shekaru matar nan tana bita a gabansa, shi yana ba da labarin huluna, bai taɓa tsayawa ya ji ba. Ashe haka take karatu? Hawaye suka zubo masa suka yi hanya biyu a cikin bular fuskarsa.

Ta kai aya ta tsaya. Wurin ya ɗauki kabbara, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa ta manta ba biki ba ne. Malama Husaina ta rungume ta tana cewa ko gyara ɗaya babu.

Liman Inuwa ya matso da shuɗin rawaninsa ya ɗaga hannu. Ya yi wa Indo addu'a, aka ce amin. Ya yi wa malamarta, aka ce amin. Isyaku yana amsawa da baki, hannu na kan sanda. Sai Liman, da yake mutum ne mai son gyara zukata, ya ce, "Shi kuma maigidanta, Malam Isyaku, da ya bar ta ta nemi ilimi, ya yi ɗawainiyar wannan taro iyakar hankalin da Allah ya ba shi, Allah ya saka masa da alheri, ya ɗaukaka shi a idon jama'a!"

To ina Isyaku zai ji an ambaci sunansa a lasifika, gaban maza da mata, ya amsa da baki kawai? Ya saki sanda, ya ɗaga hannu biyu sama yadda na baya ma za su gani, ya ce, "Amin, ya Rabbi! Amin!"

Lawan ya ce, "Sandar!"

Tanti ya sauko gaba ɗaya, luf, ya rufe liman da mamu.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Tanti yana ta motsi, nan kai ya turo, can gwiwa, ana salati ana kiran sunayen juna. Aka fara rarrafowa ta gefe-gefe, kowa shuɗi, ba ka bambanta Hajiya da mai aikinta. Wata ta dubi wata ta fashe da dariya, ita ma aka nuna mata nata, sai dariya ta kama layin gaba ɗaya, har Liman yana riƙe ciki. Ba wanda ya ji ciwo. Ruwan ma, da ya ga ya gama aikinsa, ya ɗauke. Baba Bulus ya tsaya a kan abin da ya saura na tantinsa ya ce, "Ba komai. Mai shi ya yi ritaya, shi ma yau ya yi."

Aka duba, kowa ya fito ban da mutum ɗaya. A tsakiyar tantin akwai wani tudu da ya ƙi motsi. Indo ta taka ta je ta ɗaga gefen, ta leƙa. Ga Isyaku a tsugune, hula ta narke ta rufe masa kunne ɗaya.

Ya ce da ƙaramar murya, "Indo, mutane sun watse?"

"Ba wanda ya tafi. Kai suke jira."

"To ki ce ba ki gan ni ba." Ya sunkuyar da kai. "Na ɓata miki ranarki."

"Ka ji karatun?"

"Na ji. Tun daga farko har ƙarshe."

"Tun da aka kawo ni gidanka kai ke magana ina ji. Yau ka yi shiru ka ji ni, gaban kowa. Ranata ba ta ɓaci ba." Ta gyara hijabinta. "Amma zauna nan tukuna, sai an gama cin abinci. In ka fito yanzu Hajiya za ta cinye ka ɗanye."

Ta sake masa tantin a ka, ta koma wajen baƙinta aka hau rabon abin da ya tsira na waina.

Ana cikin ci sai aka ji murya tana fitowa daga ƙarƙashin tanti, a toshe amma da ƙarfinta: "Jama'a! Kun dai ji karatun nan ko? Da ka fa ta yi, cikin ruwa! Duk Gyadi-Gyadi da Tarauni, a kawo mini macen da za ta yi irinsa! Matata ce!"

Lawan ya buɗe baki zai mayar masa kamar yadda ya saba. Ya tsaya, ya yi tunani, ya ce, "Wannan kam gaskiya ya faɗa." Ya ɗauki waina biyu ya tura masa ta ƙarƙashi.